Babi na 6: Yadda Ake Miyar Gyaɗa da Kaza

Darasi na 1: Kayan haɗi

Ku tanadi naman kaza rabin kilo, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali 6, albasa 1, tumatir 3, karas 2, tafarnuwa, citta, barkono kaɗan, alayyahu, gishiri da ruwa kofi 5. Inda na rubuta cokali, babban cokalin cin abinci nake nufi, ba na shayi ba. Kofi 4 kuwa lita ɗaya ke nan. Ba mu sa mai a lissafi ba, domin gyaɗa da manta take zuwa.

In da kanku za ku soya gyaɗar ku niƙa, ku zauna ku tsince ta tukuna. Duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta yamutse, a zubar. Irin wannan kan ɗauki wata guba mai suna aflatoksin, mai cin hanta, kuma dafuwa ba ta kawar da ita.

Darasi na 2: Kaza

Ku cire fatar, nan ne kitse ya fi taruwa. Da kun gama yanka, ku wanke hannu da sabulu kamar daƙiƙa 20, ku wanke wuƙar da katakon kafin su taɓa kayan lambu. A zuba kaza a tukunya da ruwan, da albasa, tafarnuwa da citta, ta yi minti 25 tana dahuwa. Ku tsaga tsoka ɗaya har ƙashi. In da sauran ja, ba ta yi ba. Mai ma'aunin zafin abinci ya ga ta kai digiri 74 na Selshiyas.

Darasi na 3: Dama gyaɗa

Ku natsu, domin nan ne kusan kowa yake tuntuɓe.

Ba a jefa gyaɗa cikin tukunya kai tsaye. A sa ta a kwano daban. A ɗebi romon kazar ludayi ɗaya, a zuba a kwanon, a dama. Da farko za ta ƙara tauri, ta cure kamar ta lalace. Kada ku tsorata, haka take yi wa kowa, ni ma ta yi mini. A ƙara ludayi na biyu, a dama. A ƙara na uku. Sai ta yi sumul, babu gudaji ko ɗaya, sannan ta shiga tukunya.

Mu sake: kwano daban, romo kaɗan-kaɗan, damu, sannan tukunya. Ku karanta wannan layin da ƙarfi sau biyu. Madalla.

Yanzu a rage wuta. Gyaɗa tana sauka ƙasan tukunya ta kama, in ta kama kuwa ƙauri ya shiga miyar, babu abin da zai fitar da shi. Ku riƙa juyawa da cokalin katako duk bayan minti 2 ko 3, kuna karto ƙasan.

Na sha faɗa, amma kullum sai an sami mai kwara gyaɗar gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ya buɗe wuta, ya tafi hira, sannan ya dawo yana cewa littafi ne bai yi bayani ba. Littafi ya yi. Ku ne kuke gaggawa, haba jama'a! Kwano daban. Romo kaɗan-kaɗan. A dama.

Darasi na 4: Kayan lambu

A zuba niƙaƙƙen tumatir, karas da barkono, a bar su minti 20 ana juyawa. In mai ya taso sama, miya ta nuna, ku kwashe shi da cokali. Alayyahu ne ƙarshe, minti 3. Gishiri rabin ƙaramin cokali ya isa, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini.

Darasi na 5: Ci da ajiya

Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, kada a ba shi ko ɗanɗano. Ragowar miya ta shiga firji kafin awa 2.