Darasi na Bakwai: Yadda Sinawa Suka Fara Yin Takarda

Kafin mu shiga karatun yau, kowa ya yagi ɗan gefen tsohuwar takarda, ya ɗaga shi wajen haske. Ku dubi bakin da ya yage. Za ku ga ƙananan zaruruwa sun miƙo. Waɗannan zaruruwan su ne takarda, kuma Sinawa ne suka fara gano yadda ake haɗa su.

A da, mutanen ƙasar Sin a kan gora suke rubutu. Sai a tsaga gorar siri-siri, a rubuta layi ɗaya a kan kowace, a ɗaure su da igiya. Littafi guda kaya ne sai an ɗauka a kafaɗa. Masu hali kuwa suna rubutu a kan alharini, wanda talaka ko na sawa bai samu ba, balle na rubutu.

A shekara ta 105 Miladiyya, a zamanin daular Han, wani bafade mai suna Tsai Lun, mai kula da masu sana'ar fada a birnin Loyang, ya kai wa Sarki He wata sabuwar takarda. Da me ya yi ta? Da ɓawon itace, da guntayen zaren rama irin ta ƙasarsu, da tsummoki, da tsohon tarun kamun kifi. Duk abubuwan da ake zubarwa ne. Wannan shi ya fi burge ni a labarin, domin arahar kayan ita ta sa takarda ta fita daga fada ta isa hannun mutane irinmu.

Ga yadda aikin yake. Ana jiƙa kayan su yi laushi, a dafa su da ruwan toka, a wanke, a kirɓa a turmi har zaruruwan su rabu. Sai a dama su cikin ruwa mai yawa, su yi tsululu kamar koko. Mai aikin ya tsoma mataci mai faɗi a ciki, ya ɗago shi a hankali yana girgizawa. Ruwa ya tsiyaye, zaruruwan su kwanta a kan juna su sarƙe. A matse, a shanya. Idan hannu ya karkace wajen ɗagowa, gefe ɗaya zai yi kauri, ɗayan ya yi shara-shara, shi ya sa sana'ar take buƙatar haƙuri.

Amma Tsai Lun gyara ya yi a kan abin da ya tarar. A 1986 an tono wani kabari a Fangmatan, a lardin Gansu, aka samu guntun takarda mai zanen taswira wadda ta girme shi da fiye da shekara 200.

Daga Sin sana'ar ta shiga Koriya da Japan. Bayan yaƙin Talas, wanda aka yi tsakanin Sinawa da Musulmi a shekara ta 751, ta bunƙasa a birnin Samarƙand da ke tsakiyar Asiya, sannan Bagadaza, har ta kai Andalus da Italiya. Takardar Italiya ce fatake suka riƙa ketowa Sahara da ita, malamanmu na da suna rubuta Alƙur'ani a kanta.

Aikin gida: ku jiƙa tsofaffin takardu su kwana, ku daka su, ku dama da ruwa, ku tace a kan ƙyalle mai laushi, ku shanya a inuwa. Mako mai zuwa kowa ya zo da tasa, ya rubuta sunansa a kai da hannunsa.