Yadda ake gano gurbin Neiguan a hannu don rage tashin zuciya

Likitocin gargajiya na ƙasar Sin sun ce jikin mutum yana da hanyoyin da ƙarfin rai ke bi, kuma a kansu akwai gurabe 361 da ake soka wa allura ko a danna don magani, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita wurarensu a 2008. A ganina, wanda ya fi dacewa kowa ya sani shi ne Neiguan, da ake rubutawa PC6, domin babban yatsa kaɗai ya isa, ba sai da allura ba.

Da farko ka buɗe hannun hagu, tafin yana kallon sama. Nemi layin da ke wuyan hannu, daidai inda tafin ya ƙare. Jera yatsu uku na dama a gicciye daga kan layin zuwa wajen gwiwar hannu. Inda na ukun ya tsaya, nan ne tazarar da Sinawa ke kira "cun" biyu. Da yatsun mai jikin ake awo, don haka in yaro za ka yi wa, nasa yatsun za ka jera.

Wurin da mutane suka fi kuskure shi ne tsakiya. Dunƙule hannun ka ɗan lanƙwaso shi, jijiyoyi biyu za su taso, gurbin yana cikin kwarmin da ke tsakaninsu. Wasu an haife su da guda ɗaya kawai, kuma ba ciwo ba ne. Su sai su danna gefenta, ta ɓangaren ƙaramin yatsa.

Sai ka saki hannun, ka danna da babban yatsa kana murzawa a hankali na minti 2 zuwa 3. Za ka ji ɗan nauyi ko tsami. In ka ji kamar wutar lantarki ta zarce zuwa yatsu, sassauta, jijiyar ji ka taɓa. Maimaita a ɗaya hannun. Mai tafiya a mota gara ya fara tun kafin zuciyar ta tashi.

Nazarin 2015 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ya nuna motsa gurbin na rage tashin zuciya bayan tiyata, ko da yake hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba. Kada a danna kan rauni ko kumburi, allura kuwa aikin ƙwararru ce. Mai juna biyu da amai ya hana ta riƙe ko ruwa, asibiti za a kai ta nan take.