Yadda Nake Sa Ɗaliban JSS 1 Su Fahimci Abin Da Suka Karanta

Yaro zai karanto maka shafi tiryan-tiryan, ka ce me ya faru, sai ya hau sosa ƙeya. Maganin da nake amfani da shi na samo shi ne daga binciken Annemarie Palincsar da Ann Brown na 1984 a Amurka, kan 'yan aji bakwai, wato sa'o'in namu 'yan JSS 1.

Raba ajin huɗu-huɗu, kowa da aikinsa: mai hasashen abin da zai biyo baya, mai yin tambaya, mai warware kalma mai wuya, sai mai taƙaitawa. A karanta sakin layi ɗaya a tsaya, kowa ya yi nasa, sannan a yi musayar aiki.

Amma fa kai za ka fara. Makon farko ni nake yin duka huɗun a bayyane, har ina cewa: "Kai, wannan kalma ta shige mini duhu, bari in koma baya." Dariya suke yi, amma suna ɗauka.

Taƙaitawa ce ke ba su wuya. Sai yarinya ta maimaito labarin kaf. Nakan ce kada ta wuce kalma goma, tana ƙirgawa da yatsu. Tambaya kuwa, na hana wadda amsarta "e" ko "a'a". A fara da "me ya sa".

Ajina ya haura mutum saba'in, littafi bai isa ba, don haka nakan rubuta sakin layin a allo tun kafin a kaɗa ƙararrawa.