Yadda Ake Amfani da Katin Banki a Ƙasar Waje Ba Tare da Tafka Asara Ba

Shirin yana farawa ne tun kana gida, kafin ka haɗa kaya. Ɗauko katin ka duba watan da zai daina aiki, ka kuma tabbatar yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, domin su aka fi karɓa a faɗin duniya. Daga nan sai ka tuntuɓi bankinka, ka faɗa musu ƙasar da za ka da kwanakin da za ka yi. Idan banki ya ga an yi ciniki da katinka kwatsam a wata uwa duniya, yakan zaci sata ce, ya toshe shi. Ka tambaye su ko katin a buɗe yake ga ƙasashen waje, nawa ne iyakar abin da za ka iya kashewa, da kuma abin da suke cira a kan kowane ciniki. Bankuna da yawa kan ɗora kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari.

Layin wayarka ma ka tabbatar zai karɓi saƙo a can. Mutane da dama sun maƙale a nan: banki ya turo lambar tabbatarwa zuwa layin gida, shi kuwa layin a mace yake.

Mataki na biyu, ka tafi da kati biyu na bankuna daban-daban, ɗaya a jikinka, ɗaya a masauki, tare da 'yan tsabar kuɗi na ƙasar. Ka kuma bincika inda za ka. Tun watan Maris na 2022 katunan Visa da Mastercard na ƙasashen waje ba sa aiki a Rasha, a China kuwa yawancin ciniki ta manhajojin biyan kuɗi na waya, Alipay da WeChat Pay, ake yi.

Na uku shi ne wanda na fi so ka riƙe da kyau. Idan ka zo biya a shago ko cirar kuɗi, na'urar za ta iya tambayarka: da kuɗin ƙasarku za a caje ka, ko da kuɗin ƙasar da kake ciki? Ganin adadin da kuɗin da ka saba da su yana kwantar da hankali, kuma a nan tarkon yake. Idan ka amince, mai na'urar ne zai yanka maka farashin canji, kuma kusan kullum ya fi na bankinka tsada. Abin takaici, wani lokaci bankinka ma zai sake ɗora nasa cajin a kai. Saboda haka ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki, yuro in kana Faransa, fam in kana Ingila. Idan mai shago ya zaɓa maka ba tare da ya tambaye ka ba, ka nemi ya soke, a sake. Duba rasit kafin ka bar wurin.

Wajen cirar kuɗi, nemi ATM na cikin banki, ka guji waɗanda ke tsaye su kaɗai a wuraren baƙi. Rufe maɓallan da hannu yayin danna lambar sirri. Gara ka ciri mai ɗan yawa sau ɗaya da ka riƙa cira kaɗan-kaɗan, tunda kowace cira da cajinta. Kuma kada ka ciri tsaba da katin bashi (wanda banki ke ranta maka kuɗi ta cikinsa) sai dole, domin kuɗin ruwa yakan fara hawa tun ranar.

Otal da kamfanonin hayar mota sukan riƙe wani kaso na kuɗinka a matsayin jingina, sai bayan kwanaki su sake shi. In kana da katin bashi, shi za ka miƙa musu, kada su ɗaure maka guzuri.

Idan kati ya ɓata, toshe shi nan take ta manhajar banki, sannan ka kira su. Lambar kiran ka rubuta ta a takarda tun daga gida, ka ajiye daban da walat ɗinka da wayarka.