Tayar da Ford Mustang ta 1965 da ta daɗe a ajiye

1. Kafin ciniki, leƙa ƙarƙashinta da tocila. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, nan tsatsa ke cin Mustang. Manna maganaɗisu a bodi: inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi aka rufe da fenti. Gwada lambar da aka buga a jikin motar (lambar shasi) da ta takarda.

2. Kada ka yi saurin murza makulli. Kwance fulogogi, ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda ta ramin fulogin, bar shi ya kwana.

3. Washegari juya injin da sifana. In ya ƙi motsi, tsaya nan, aikin bakanike ne.

4. Zubar da tsohon fetur (warinsa kamar fenti), wanke kafireto, sauya baƙin mai da batir.

5. Ko ta tashi, gyara birki kafin ta hau titi.