Kurakuran da yaranmu ke yi wajen rimis da aron kiɗa, da yadda za a gyara

Salamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce wani ƙanena ya shigo min situdiyo a nan Garwa ta Kamaru idonsa jawur, wai an rufe masa tasharsa ta bidiyo, shekara biyu yana tara mabiya dare ɗaya komi ya tafi. Na ce me ka ɗora? Ya ce ba komi fa yaya, rimis ne kawai na waƙoƙin Kano da guda biyu na Indiya kuma ai na rubuta sunan masu su a ƙasa. Rimis dai shi ne ka ɗauki waƙar wani ka sake mata tsari ko kiɗa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don yaron yana da basira kuma ba shi kaɗai bane, daga Marwa har Gaundare har 'yan uwanmu na Kusiri da Injamena rami ɗaya ake ta faɗawa.

Bari in fara da wannan da ya faɗa ɗin, wato rubuta sunan mai waƙa a ƙasa ko a ce "waƙar ba tawa bace". Ambaton suna yana da kyau, haƙƙin mai waƙa ne ma a ambace shi, amma fa ba shi ne izini ba. Kamar ka ɗauki moton maƙwabcinka ba ka tambaye shi ba ka yini kana ɗaukar fasinja, ka manna takarda a baya cewa na Malam wane ne. Ka dai ɗauka ba da saninsa ba. Gyaran shi ne ka neme shi tun kafin ka taɓa, ka faɗa masa me za ka yi da waƙar da inda za ka ɗora, ya amsa maka a rubuce, ko saƙon WhatsApp ne ka ajiye kar ka goge.

Sai masu cewa ai a intanet na tsinta, ko ai bai yi mata rajista ba. Babu ruwan haƙƙin mallaka da rajista. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin masu fasaha tsakanin ƙasashe, wadda Kamaru da Chadi da Najeriya duk suna ciki, ta ce kariya tana farawa ne tun lokacin da aka ƙirƙiri abu ba sai an cika wata takarda ba, kuma waƙar ɗan Kano tana da kariya a Garwa kamar yadda taka take da ita a Kano. A nan Kamaru dokar ita ce mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, akwai ɗauri da tara a cikinta ga mai satar fasaha, Chadi kuma tana da tata ta 2003 da ofishin BUTDRA mai kula da haƙƙin masu fasaha. Wasu suna jin OAPI, hukumar Afirka mai rajistar tambari da ƙirƙira da ke Yawunde, sai su ɗauka can ake kai waƙa, a'a, abin da za ka kai can shi ne tambari ko sunan situdiyonka, rajista ɗaya ta kare ka a ƙasashe 17, amma Najeriya ba ta ciki. Ita waƙa abin da take buƙata shaida ce ta cewa kai ka riga, to ka ajiye fayil ɗin aikin na asali da muryoyin daban daban, ka tura wa kanka ta imel ranar da ka gama, in da hali ka shiga ƙungiyar haƙƙin mawaƙa irin SONACAM ka sanar da waƙoƙinka.

Maganar cewa za ka iya yanko sakan goma ko sakan talatin na waƙar wani ba izini kuwa ban san wa ya ƙirƙiro ta ba amma ƙarya ce, babu dokar da ta yanka maka adadi ta ce ƙasa da haka halal ne. Haka masu ƙara wa waƙa gudu ko su siranta murya don na'ura kar ta gane, ko ka wuce na'ura yau mai abin yana nan da kunnensa. Kuma ku bambance abu biyu a YouTube. Akwai Content ID, wato na'urar YouTube ɗin, shi yana gane sautin ne sai mai waƙar ya zaɓa ko ya kwashe kuɗin tallar bidiyonka ko ya toshe shi, wannan ba ya kashe tasha. Akwai kuma jan kati, wanda ke zuwa in mai abin da kansa ya nemi a sauke bidiyon, shi guda uku cikin kwana 90 tasha ta tafi. In ka samu jan kati na farko dan Allah ka tsaya ka duba sauran bidiyoyinka ka cire masu matsala, kar ka yi saurin ƙalubalanta in ka san ba ka da gaskiya, wannan maganar shari'a ce.

Wasu kuma sun ji masu bidiyo na Amurka suna cewa "feya yus", wato damar amfani da wani ɓangare na aikin mutum ba sai da izininsa ba, sai su ma suka riƙe. Wannan dokar Amurka ce, kuma ko a can alƙali ne ke yanke hukunci bayan an kai ƙara. Tamu dokar a tsarin Faransa take, ta lissafa abubuwan da aka yafe ne, kamar kwafi don amfanin kanka a gida ko ɗan gajeren yanki don sharhi ko koyarwa tare da ambaton mai shi. Rimis ɗin da za ka ɗora ka ci kuɗi ba ya ciki.

Yanzu ga wanda ya fi rikita mutane. Kowace waƙa da kake ji haƙƙi biyu ne a kanta, akwai na wanda ya tsara baituka da karin, akwai kuma na sautin da aka naɗa, wato na mai rerawa da makaɗa da wanda ya biya kuɗin aikin. In ka yanko sautin kai tsaye ka taɓa duka biyun, in kuma ka sake kaɗawa da piyanonka ka rera da bakinka to ka tsallake na biyu amma na farko yana nan daram. Shi yasa ɗaukar karin waƙar Indiya a zuba masa baitukan Hausa ko Fulatanci bai zama sabuwar waƙa ba, ko da kuwa an daɗe ana yi. Mutuwa ma ba ta sakin waƙa nan take, Mamman Shata ya rasu 1999, a dokarmu kariyar tana kai shekara 50 bayan rasuwar mai abu, kaga akwai sauran tafiya, magada za ka nema. Abin da ba na kowa ba shi ne salo, babu mai cewa kalangu nasa ne ko soyayya tasa ce, ka ɗauki salon ka yi naka karin.

Abin da ke ba ni ciwo shi ne mu 'yan Kamaru ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan. Mawaƙinmu Manu Dibango ya fitar da waƙarsa Soul Makossa a 1972, shekarar da muka karɓi baƙuncin kofin Afirka, bayan shekara goma sai ga amshin a kundin Michael Jackson ba a tambaye shi ba, sai da ya tashi tsaye aka sasanta a wajen kotu. A 2007 Rihanna ta sake ɗauko amshin daga waƙar Jackson ɗin, Dibango ya koma kotu a Faris a 2009. Darasin da ke nan wurin mai rimis babba ne, wanda ka ara a hannunsa ma wataƙila aro ya yi, sai ka bi igiya har tushe. Haka waƙar Zangalewa ta ƙungiyar mawaƙanmu Golden Sounds ta 1986 da ta dawo a bakin Shakira lokacin kofin duniya na 2010, sai da aka yi ta surutu kafin aka ji an daidaita da masu ita. Duk mun ji haushi a lokacin, to me yasa namu yaran za su yi wa wani talakan mawaƙi irin haka?

Kiɗan "kyauta" na intanet ma ku karanta sharaɗinsa, yawanci kyauta ne in ba za ka ci kuɗi da shi ba, kuma wanda ka saya da araha haya ce, mutum ɗari na iya riƙe da irinsa. Waƙoƙin da ke cikin TikTok su ma izininsu na cikin manhajar ne, ba ka sauke ka kai rediyo ko tallan shago ba. Sannan tsakaninmu, aboki ya yi kiɗa kai ka rera wani ya biya jaka ashirin ta situdiyo, ana dariya ana shan shayi babu wanda ya rubuta komi, ranar da waƙa ta fashe zumunci ya watse. Takarda ɗaya ta isa, wa ya yi me, kashi nawa kowa zai ɗauka, kwanan wata, sa hannu da shaidu biyu.

Ni ban ce aro laifi bane, waƙar Hausa da aro ta girma, makaɗa suna ɗaukar amshin juna tun kaka da kakanni, amma a da kowa ya san na wane ne kuma ana zuwa gaishe shi. Abin da waya ta yi mana shi ne ta raba sauti da mai shi, kuma ta zama ita ke zaɓa mana abin da za mu so. Yau amapiano na Afirka ta Kudu ke tashe kowa ya koma can, gobe wani abu, waƙa ta koma sakan goma sha biyar na rawa, murya duk ta na'ura har ba ka bambance yaron unguwar Yelwa ta Garwa da na Kaduna. Alhali ga masu goge da garaya da masu algaitar fadar Lamiɗo suna tsufa a gabanmu babu mai naɗar su. In za ka yi rimis ga taska nan a ƙofar gida. Amma nan ma kar a maimaita kuskuren, tsohon da ya kaɗa maka yana da haƙƙi a kan kaɗawarsa, ka biya shi ka sa sunansa, kuma dokar 2000 ta ce kayan gargajiya dukiyar ƙasa ce, in don riba za ka yi amfani da su sai da izinin hukumar al'adu, to ka leƙa ofishinsu na jiha ka tambaya.

Shi ƙanen nawa ya buɗe sabuwar tasha. Ranar Asabar na raka shi unguwar Hausare wajen wani dattijo mai goge, muka gaisa, Baba ya ce tun da yake babu wanda ya taɓa zuwa da takarda yana neman izininsa. An karanta masa da Hausa ya dangwala hannu, ɗansa ya zama shaida, muka naɗi kusan minti arba'in. Yanzu yaron yana kan yanka, ya ce bayan sallah zai saki waƙar in Allah ya yarda.