Yadda Ake Ƙera Ginshiƙi Mai Tsukewa a Revit

Ginshiƙan kankare da Revit, manhajar zanen gini a kwamfuta, ke zuwa da su kaurinsu ɗaya ne daga gindi har kai. Ranar da injiniya ya miƙo maka zanen ginshiƙi mai faɗin gindi wanda ke tsukewa yana hawa, sai dai ka ƙera naka. Irin wannan ɓangaren gini shi ake kira famili, fayil ɗinsa yana ƙarewa da .rfa.

Ka buɗe sabon famili, ka zaɓi Metric Structural Column. Kada ka yi gaggawar ɗaukar Generic Model don ya fi sauƙi: a ido zai yi kama da ginshiƙi, amma ba zai fito a jadawalin ginshiƙai ba.

To, nan ne aikin yake, kuma nan masu koyo suke tsallakewa. Kafin ka zana komai mai jiki, ka kafa layukan jagora, koraye masu ɗigo-ɗigon nan da ake jawowa ta hanyar danna RP a kibod. Biyu za ka tarar sun gitta a tsakiya, kada ka motsa su. Gindi yana buƙatar layuka huɗu, kai ma huɗu a cikinsu. Ka danna DI, wato umarnin awo, ka auna daga layin hagu zuwa na tsakiya zuwa na dama, ka taɓa alamar EQ, don duk lokacin da faɗi ya ƙaru ya buɗe daidai ta ɓangarorin biyu. Sannan ka sake auna faɗin gaba ɗaya ka laƙaba masa faramita, wato awo mai suna da za a iya canzawa: Faɗin Gindi milimita 600, Faɗin Kai 400. Haka za ka yi wa zurfi. Ni dai nakan bar su a matsayin Type, domin canji ɗaya ya game duk ginshiƙan da ke ƙarƙashin suna ɗaya.

Yanzu jiki. Ka zaɓi Blend, mai haɗa siffar gindi da ta kai su zama jiki ɗaya, ka zana murabba'in gindi a kan layukansa. Ƙananan kwaɗuna za su bayyana a kowane gefe, ka kulle dukkan huɗun. Ka shiga Edit Top ka maimaita wa kai. Daga nan ka koma kallon gaba, ka yi amfani da AL, umarnin daidaita abu da layi, ka manne saman a Upper Ref. Level, ƙasan a Lower Ref. Level, ka kulle. Wannan ne zai sa ginshiƙin ya miƙe da kansa idan tsayin hawa ya canza.

Kada ka amince da shi sai ka jijjiga shi. A Family Types ka mai da 600 ya zama 900, ka danna Apply, ka zuba ido. Ka rage shi zuwa 450, sannan ka dawo da shi 600. Na taɓa mance kwaɗo ɗaya a gefen dama, ban gane ba sai da aka faɗaɗa ginshiƙan a zanen gini, gefe uku suka tafi, ɗaya ya tsaya cak. Gwajin minti biyu ne da ya kama shi tun farko.

Saura Family Category and Parameters, inda za ka sa Material for Model Behavior a kan Concrete, don ya haɗe da bim ɗin kankare ba tare da layi a tsakani ba. Ka adana, ka danna Load into Project.

Idan abokan aikinka suna kan Revit 2023, ka ƙera shi a 2023 ɗin, domin famili da aka adana a 2024 ba zai buɗe musu ba.